Kun Tambaya, Mun Amsa: Jinkirin Ƙiyasin Gida a Bashin Tsofaffin Sojojin Amurka

Wasiƙun wannan fitowa daga Katsina da Daura suka fi yawa, kuma kusan duk a kan magana ɗaya: ɗa ko miji ko ƙane ya yi aikin soja a Amurka, ya tashi sayen gida da bashin da ake kira na VA, sai ciniki ya tsaya wajen ƙiyasta kuɗin gidan. VA ita ce ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙasar. Ba ita ke ba da kuɗin ba. Banki ko kamfanin bashin gida ne ke bayarwa, ita kuma ta tsaya wa sojan a kan wani kaso, yawanci kashi 25 cikin ɗari, kuma tsarin ya faro ne daga dokar 1944 da aka kafa domin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Tunda ta tsaya masa, ba ta yarda a saki kuɗi sai ta tabbatar gidan ya kai abin da za a biya. Wasu sun haɗa da tambayar hukuncin kuɗin ruwan da ke cikin bashin. Akwai ruwa a ciki, babu ɓoyo, amma hukuncinsa na malamai ne, ba na wannan fili ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarona ya yi shekara takwas a soja, yanzu yana zaune a jihar Tekzas. Ya ce mini an yi ciniki an sallama masa gida, ya ba da kafin alƙalami, amma yau kusan wata guda ana jiran wani mutum ya zo ya faɗi kuɗin gidan. To ba an riga an yi ciniki ba? Ina jin tsoron ko 'yan damfara ne suka same shi. Daga wani mahaifi, Unguwar Kusugu, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Ka kwantar da hankalinka, wannan jiran kaɗai ba alamar damfara ba ne. Cinikin da aka yi tsakanin mai gida da ɗanka ne. Banki bai shiga cikinsa ba, kuma ba zai ba da ko sisi na kuɗin sayen gidan sama da abin da mai ƙiyasin VA ya ce gidan ya kai ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗaukar jiran guda ɗaya ne, alhali matakai ne a jere, kowanne da mai riƙe da shi da kuma wa'adinsa. Da farko banki ne ke shigar da buƙata a shafin ma'aikatar na intanet mai suna WebLGY, ya ɗora takardar cinikin da kowa ya sa wa hannu. Tun a nan ake fara asarar kwanaki ba a sani ba. Bankuna da yawa ba sa shigar da buƙatar sai mai saye ya biya kuɗin ƙiyasin, wanda yawanci yakan fara daga wajen dala 600 ya yi sama gwargwadon jiha. Wasu kuma su jira sai mai duba lafiyar gini ya gama nasa aikin, don kada a kashe kuɗi a kan gidan da za a fasa saye. Dabarar ba ta da laifi, amma takan ci mako guda ko kwana goma kafin a ma fara ƙidaya.

Bayan an shigar, na'urar ma'aikatar ce ke zaɓo mai ƙiyasi daga jerin waɗanda ta amince da su a yankin. Banki ba ya zaɓa, dillali ba ya zaɓa, ɗanka ba ya zaɓa. Layi ake bi kamar motocin tasha, wanda ya zo kan layi shi ke lodi. An yi haka ne don kada banki ya riƙa kiran mutuminsa ya rubuta masa farashin da yake so. Illarsa ita ce idan wanda layi ya faɗo wa aiki ya yi masa yawa, sai dai a jira shi, ko ya mayar da aikin a sake ba wani, a koma farko. Kuma shiga wannan jeri ba sauƙi, don ana neman wanda ya yi shekara biyar yana aikin, shi ya sa a gundumomin karkara za ka tarar mutum biyu ko uku ne ke riƙe da yanki mai faɗi.

Mai ƙiyasin yana da ranakun aiki biyu ya tuntuɓi masu gida a tsayar da ranar zuwa. Wa'adin gama rahoton kuwa ya danganta da jiha, wani lokaci ma da gunduma: a wurare da yawa ranakun aiki bakwai zuwa goma ne, a wasu wurare masu nisa yakan kai ashirin. Ma'aikatar na wallafa jadawalin kuɗi da wa'adin kowace jiha, kowa na iya dubawa. Ka lura, Baba, ranakun aiki aka ce. Ba a ƙidaya Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnatin tarayya, don haka goma na nufin mako biyu cif.

Ko an gama rahoto ba a gama ba. Akwai wani jami'in banki da VA ta ba izinin bitar rahoton, ana ce masa SAR, shi ne zai fitar da takardar sanar da ƙima, wadda ake kira NOV, kuma yana da ranakun aiki biyar. Wannan takarda ce ake jira a zahiri, don a cikinta ne ake rubuta kuɗin gidan da duk gyaran da aka gindaya. Haɗa lissafin: mako guda kafin a shigar, mako biyu wajen mai ƙiyasi, mako guda wajen bita. Wata guda ke nan ba tare da kowa ya saɓa ƙa'ida ba.

Saboda haka kada ɗanka ya tsaya yana tambayar banki "yaya ake ciki?", don amsar da zai samu ita ce "muna jira". Ya nemi lambar fayil ɗinsa ta VA, da ranar da aka shigar da buƙata, da ranar da aka ba mai ƙiyasi aikin, da ranar da wa'adi ke cika, sannan ya tambaya ko an je gidan ko ba a je ba. Daga waɗannan ranaku zai gane inda takardar ta maƙale. Idan ba a je ba, sau da yawa matsalar daga masu gidan ce: ɗan haya ya ƙi buɗe ƙofa, ko lambar wayar da banki ya rubuta ta dillalin da ba ya ɗauka ce. Wannan dillalinsa zai iya warware shi a yini ɗaya. Idan wa'adi ya wuce kuma shiru, bankin ne zai kai kuka sashen ƙiyasi na ma'aikatar, su ne ke da ikon matsa wa mai ƙiyasin ko su sauya shi. Idan kuwa har yanzu ba a ba kowa aikin ba, akwai sassaucin da aka fitar a watan Yulin 2022: in an wuce ranakun aiki bakwai da shigar da buƙata ba a samu mai ɗauka ba, ana iya yin ƙiyasin ta duba gidan daga waje kawai, ko ma daga ofis da takardu da hotuna, muddin gidan na iyali ɗaya ne, kuɗinsa bai haura iyakar da aka sa wa yankin ba, kuma bankin na cikin masu izinin bitar rahoto da kansu. Jami'an banki da yawa ba sa tuna wannan sai an tuna musu.

Abu na ƙarshe, ya duba ranar kammala ciniki da ke cikin yarjejeniya, da ranar da alkawarin banki na riƙe masa farashin ruwa zai ƙare, wanda yawanci kwana 30 ne ko 45 ko 60. Idan sun matso, a rubuta ƙarin lokaci tun yanzu, mai gida ya sa hannu. Alkawarin baki ba ya aiki a can.

TAMBAYA: Maigidana yana jihar Merilan, ni ina nan gida da yara muna jiran takardunmu su fito. An yi ciniki a kan dala 320,000. Daga baya ya ce an kira wani abu wai shi Tidewater, yanzu kuma takarda ta fito da dala 305,000. Ya ce in yi wa yayana magana a sayar da filinmu na hanyar Dutsin-ma a tura masa cikon. In sayar? Daga wata matar aure, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki yi saurin kiran dillalin fili. Akwai hanyoyi da dama kafin a kai ga wannan, kuma ita ce mafi tsada a cikinsu.

Bari mu fara da Tidewater domin amfanin wasu, ko da yake a wurinku ya wuce. Sunan wani yanki ne a jihar Bajiniya inda aka fara gwada tsarin. Idan mai ƙiyasi ya ga alamar lissafinsa ba zai kai farashin ciniki ba, dole ya sanar da wanda banki ya rubuta a matsayin mai karɓar saƙo, kafin ya rufe rahoto. Ba zai faɗi adadin da ya samu ba, an hana shi. Za a ba da ranakun aiki biyu kacal a kawo masa shaidar gidaje makamantan wannan da aka sayar. A nan ake yawan faɗuwa, ta hanya biyu. Ko dai saƙon ya kwana a akwatin imel na jami'in da ya tafi hutu har kwana biyun su wuce, ko kuma dillali ya turo jerin gidajen da ke kasuwa da farashin da masu su ke nema. Farashin nema ba hujja ba ne. Abin da mai ƙiyasi ke karɓa shi ne gidan da aka riga aka sayar aka biya, kusa da wurin, cikin 'yan watannin baya, mai kusan girma ɗaya da shekaru ɗaya. Gida uku masu kyau sun fi goma na kame-kame. Duk mai sayen gida da wannan bashi ya sa dillalinsa ya tanadi waɗannan tun ranar da aka shigar da buƙata.

Yanzu da takarda ta fito, bankin zai ba da bashi a kan 305,000 ne, saura 15,000. Abu na farko da maigidanki zai duba shi ne wani sharaɗi da dokar VA ta wajabta a sa cikin kowace yarjejeniyar sayen gida da wannan bashi: idan ƙimar da ma'aikatar ta tsayar ta gaza farashin ciniki, mai saye na da ikon janyewa ba tare da ya rasa kafin alƙalaminsa ba. Wannan shi ne ƙarfinsa a teburin ciniki. Mai gida ya san in ya ƙi ragewa zai koma kasuwa ya sake jiran wata ɗaya ko biyu, kuma mai saye na gaba ma da wuya nasa ƙiyasin ya yi nisa da wannan. Da yawa sukan sauko, ko a raba gibin biyu.

Hanya ta biyu ita ce neman a sake duba ƙimar, abin da suke kira ROV. Sojan ne ke rubutawa, banki ya miƙa, ma'aikatan VA da kansu su duba, ba mai ƙiyasin farko ba. Ba a cin nasara da cewa "gidan ya fi haka". Ana cin nasara da kuskuren da za a iya nunawa: an auna faɗin gidan ba daidai ba, an rubuta ɗaki uku alhali huɗu ne, an manta sabon rufi, an kwatanta shi da gidan da banki ya ƙwace ya sayar da araha, ko kuma akwai cinikin da aka kammala kafin ranar ƙiyasin wanda ba a sa ba. Wannan ma yana cin lokaci, mako guda in a ofis aka duba, makonni in sai an sake zuwa wurin, don haka a nemi ƙarin wa'adi daga mai gida a rana ɗaya da miƙa takardar.

In duk wannan bai yi ba kuma ya nace sai wannan gidan, doka ta ba shi damar cika gibin daga aljihunsa. Ra'ayinmu dai, sayar da fili a Katsina don a biya dala 15,000 sama da abin da gwani ya ce gida ya kai ba ciniki ba ne mai kyau, sai in akwai dalilin da ya fi kuɗi, kamar makarantar yara ko kusanci da asibiti. Idan ya tashi sayarwa bayan shekara biyu, wannan kuɗin ne farkon abin da zai iya rasawa.

Idan kun yanke shawarar turawa, to ga inda wani sabon jinkirin ke ɓuya. Bankin Amurka ba ya karɓar kuɗin da bai san asalinsu ba. Yakan duba bayanan asusun mai saye na wata biyu, duk wani babban kuɗi da ya shigo sai an yi bayaninsa. Kuɗin da aka ba ɗan canji a Katsina, wani da ba a sani ba ya tura daga asusunsa a can, ba su da takardar da za ta gamsar da banki, kuma sukan tsayar da fayil fiye da yadda ƙiyasi ya tsayar. A tanadi takardar cinikin filin, da bayanin asusun da kuɗin suka shiga, da shaidar turawa daga banki zuwa banki. In da sunan yayanki za su fita, sai ya sa hannu a takardar kyauta mai ɗauke da sunansa da dangantakarsu da adadin, da bayanin cewa ba rance ba ne. A tambayi jami'in bankin irin takardun da yake so kafin a tura, ba bayan an tura ba.

TAMBAYA: Ƙanena ya ce ƙimar ta fito daidai, amma an ce ba za a ba da kuɗi ba sai an yi fenti an gwada ruwan rijiya. Fenti kuma? Mu nan mutum kan sayi kango ya gyara abinsa. Daga wani malamin makaranta, Rafindaɗi, Katsina.

AMSA: Malam, mai ƙiyasin VA aiki biyu yake yi a zuwa ɗaya: ya faɗi ƙima, ya kuma duba ko gidan ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan ma'aikatar, wato babu haɗari, ginin na da ƙwari, kuma akwai tsafta. Ba kyau yake dubawa ba. Tsohon kafet ko launin da ya kwana biyu ba ruwansa.

Fentin da ake magana na gidan da aka gina kafin 1978 ne, shekarar da Amurka ta hana fentin gida mai dalma. Ana ɗauka duk irin wannan gida na iya ƙunsar ta, don haka duk inda fenti ya ɓare ko ya tsage, ciki ko waje, har gareji da shinge da ɗakin ajiya, sai an kankare an sake shafawa, an kuma kwashe ɓarɓashin da ya zuba ƙasa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai ce an tsananta ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa sabo a kan tsohon ba a kankare ba, ko a bar ɓarɓashi a gindin bango. Mai ƙiyasin zai dawo ya gani ya ƙi sa hannu, a sake biyan kuɗin dawowa, wanda yawanci dala 150 ne, a sake shiga layinsa.

Gidan da ba ya kan ruwan famfo na gari sai an kai ruwan rijiyarsa ɗakin gwaji. Ba mai gida ko mai saye ne zai ɗebo ba, sai wanda ba shi da hannu a cinikin, kuma sakamakon kwana 90 yake aiki. Idan an samu ƙwayoyin cuta sai a zuba magani a wanke rijiyar, a jira, a sake gwadawa, mako guda ko biyu ya tafi. Haka gwajin gara: a jihohin da take yawa, musamman kudanci, sai an kawo rahoton masu feshi, kuma tun 2022 an yarda sojan ya biya kuɗin wannan da kansa, abin da a da kan jawo ja-in-ja da masu gida. Sauran abubuwan da ake yawan kamawa su ne rufin da ke yoyo, wayar lantarki a buɗe, tagar da ta fashe, ruwa kwance a ƙarƙashin gida, da na'urar ɗumama ɗaki da ba ta aiki. Babu ɗaya daga cikin gwajin ruwa da na gara da ke buƙatar a jira mai ƙiyasi. Wanda ya san aiki yakan yi odarsu a makon farko.

Wa zai biya gyaran? Yadda aka daidaita. Ƙanenka na iya biya, amma ya tuna gidan bai zama nasa ba tukuna, in ciniki ya rushe kuɗinsa sun tafi. Idan gyaran ƙarami ne kuma bai shafi lafiya ko ƙwarin gini ba, yana iya rubuta wa ma'aikatar ta hannun banki a ɗage sharaɗin. Idan kuma sanyi ko ƙanƙara ne ya hana aikin waje, wasu bankuna kan yarda a ajiye kuɗin gyaran ninki ɗaya da rabi a hannun amintacce, a kammala ciniki, a yi aikin daga baya. Kuma kada ya ɗauki wannan dubawa a matsayin binciken lafiyar gini. Mai ƙiyasi ba ya gwada na'urori ɗaya bayan ɗaya, ba ya hawa rufi. Ya ɗauki nasa mai dubawar daban.

TAMBAYA: Ba za a iya ɗan ba mutumin wani abu ya hanzarta ba? Ko a canja banki a samu wani mai ƙiyasin? Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Wada, Daura.

AMSA: Alhaji, ko kusa. Kuɗin ƙiyasi ma'aikatar ce ta ƙayyade, ta hannun banki ake biya, kuma yunƙurin saye ko matsa wa mai ƙiyasi laifi ne da zai iya jefa mai sayen cikin shari'a. Canja banki kuma ba ya kawo sabon ƙiyasi. Takardar ƙimar wata shida take aiki, kuma tana bin sojan da gidan: sabon bankin fayil ɗin nan zai karɓa, da adadin da ke cikinsa. Canji na da amfani ne kawai idan bankin farko ne ke jan ƙafa, kuma shi ma yakan ci mako biyu ko fiye kafin sabon ya gama nasa binciken.

TAMBAYA: Ni ne mai sayen. Na zo gida jinyar mahaifina da zaton za a gama kafin in taso, sai ƙiyasi ya makara, yanzu ranar sa hannu ta faɗo ina Katsina. Matata tana can. Me zan yi? Daga wani tsohon soja, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ba sai ka bar shi ka koma ba. VA ta yarda a kammala da takardar wakilci, uwargida ta sa hannu a madadinka, amma kada ka je wurin lauya a nan ya rubuta maka tasa. Ka sa bankin da kamfanin da ke kula da takardun mallakar gidan su turo maka irin wadda suke karɓa, don kowace jiha da nata tsari. Ma'aikatar na son a ga amincewarka a rubuce a kan wannan ciniki takamaimai: adireshin gidan, farashinsa, adadin bashin, cewa za ka yi amfani da haƙƙinka na soja, da cewa za ka zauna a ciki.

Wurin shaida sa hannun da ba a jayayya da shi shi ne ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Sai an nemi rana ta intanet, ana biyan dala 50 a kan kowane hatimi, ka je da fasfo, kuma kada ka sa hannu sai a gaban jami'in. Nemi ranar tun yau, don ita ce ke ɗaukar lokaci. Yawanci ainihin takardar ake so, ba hotonta ba, sai ka ƙara kamar mako guda na kamfanin aika saƙo. Kafin ka hau mota zuwa Abuja, tambayi bankin ko suna karɓar shaida ta bidiyo, wasu na karɓa, wasu ba sa yi wa wanda ke wajen ƙasa.

Ranar kammalawa dole banki ya tabbatar kana raye, ya rubuta shaidar haka, don haka za su kira ka ko su nemi saƙonka a ranar. Ka bar wayarka a buɗe da caji. Gabashin Amurka na bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, Tekzas da awa shida ko bakwai, ƙarfe goman safiyarsu la'asar ce ko yamma a nan. Sharaɗin tarewa kuma yawanci kwana 60 ne bayan kammalawa. Idan jinyar za ta wuce haka, ka faɗa wa bankin gaskiya tun yanzu a rubuta yadda za a yi.

TAMBAYA: Tunda abin na da wahala a can, ba zai karɓi bashin ya zo ya gina a nan Katsina ba? Ni ma tsohon soja ne, amma na Najeriya. Mu akwai irin wannan? Daga wani mai ritaya, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Ranka ya daɗe, bashin VA ba ya fita ƙasar. Gidan dole ya kasance a Amurka ko yankunan da ke ƙarƙashinta, kuma wanda sojan zai zauna a ciki.

A nan gida abin da ya fi kusa shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, na dokar 1992, wanda Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ba na sojoji kaɗai ba ne, na duk ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa ne. Ruwansa kashi 6 ne, biya har shekara 30, kuma ta hannun bankin jinginar gidaje ake nema. Ga wanda ya riga ya yi ritaya, shekaru kan rage masa tsawon lokacin biya ƙwarai, shi ya sa abin da ya fi dacewa da shi sau da yawa shi ne ya nemi a mayar masa da abin da aka cire masa, in har an cire. Ka duba tsofaffin takardun albashinka.

Shi ma wannan bashi yana buƙatar rahoton ƙima daga mai ƙiyasin gidaje mai rajista da hatimi, wanda kan rubuta adadi biyu: abin da gidan zai yi a kasuwa, da abin da zai yi in an sayar da shi a gaggauce. Amma a nan ba mai ƙiyasin ne ke riƙe mutane ba, shi yakan gama cikin 'yan kwanaki. Takardar fili ce. Gidan da aka saya da takardar mai unguwa da shaidu kawai, ko na gado da ba a raba a kotu ba, banki ba zai karɓe shi jingina ba. Sai da takardar mallaka ta gwamnati, wato C of O, da zanen safiyo, da izinin gini, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna. Wanda ke da niyyar nema ya fara da ma'aikatar ƙasa da safiyo, ya tabbatar sunan da ke kan takardar shi ne nasa harafi da harafi kamar yadda yake a katin shaidarsa, ya biya bashin harajin filin da ya taru, sannan ya kira mai ƙiyasi. In ya fara da ƙiyasin, rahoton zai tsufa kafin takardun su fito, bankin ya ce a sake wani.